Ƙwayoyin da ke wanke ruwan kwata, da gubar da ke hana su aiki

Duk wanda ya bi ta tafkin Bomo da rani zai ga manoma na jan ruwa zuwa lambu. Abin da ido ba ya gani shi ne abin da ke gangarowa cikin irin waɗannan ruwaye daga gonaki da kwatocin unguwanni. Ɗaya daga ciki shi ne fosfaras, harafin tsakiya na takin NPK. A gona alheri ne. A tafki kuwa, idan ya yi yawa, gansakuka da kainuwa ke cika ruwan, iskar oksijin ta ragu, kifi ya mutu.

Tun shekarun 1970 injiniya James Barnard na Afirka ta Kudu ya nuna cewa bakteriya na iya cire fosfaras daga ruwan kwata. Ana fara saka su a tankin da babu iska, inda suke sakin fosfaras ɗin da ke jikinsu domin su sami ƙarfin tara abinci. Da an mayar da su tanki mai iska, sai su haɗiye fiye da abin da suka saki. Daga nan a kwashe lakar da ke ɗauke da su, fosfaras ya tafi tare da ita.

Matsalar ita ce waɗannan ƙwayoyi ba su da juriya. Jan ƙarfe, kuromiyam da ake jima da shi, ragowar magungunan kashe ƙwayoyin cuta, har da naitarayit idan ya taru, duk suna dakushe su. Sau da yawa ba mutuwa suke yi nan take ba. Haɗiyar ce ke raguwa, injin yana ta juyawa, ruwan na fita da fosfaras ɗinsa, mai kula da wurin bai sani ba sai ya auna.

Shi ya sa kiran a gina wa Zariya babbar matatar ruwan kwata rabin magana ne. Ko tafkunan tace ruwan kwata na Jami'ar Ahmadu Bello da bakteriya da gansakuka suke aiki, kuma guba ba ta bambanta tafki da matatar zamani. Muddin bakanike zai zuba baƙin mai a kwata, manomi ya wanke tankin feshinsa a bakin ruwa, kuɗin ginin zai tafi a banza.

Abin takaici, ilimin yana nan kusa. NARICT na Basawa, cibiyar fata ta NILEST na Samaru, ga jami'a tun 1962. Ya kamata hukumar kare muhalli ta Kaduna, KEPA, da ƙaramar hukumar Sabon Gari su zauna da su, a fara auna ruwan Bomo da na Kubanni kowane wata, a liƙa sakamakon da Hausa inda manoma za su gani, sannan a tilasta wa duk mai sana'ar da ke fitar da sinadari ya tace ruwansa kafin ya sake shi a kwata.