Wuyanmu Ma Yana Da Haƙƙi a Kanmu



Yawancinmu a waya muke rubutu. Masu karatu na jiran sabon feji a WhatsApp ko Wattpad, mu kuma mu duƙufa awa uku kai a sunkuye har wuya ya sage. Sai mu aika kemis a sayo diclofenac, gobe mu koma gidan jiya.

Matsalar a zamanmu take. Kan babban mutum ya kai kilo 5. A 2014 likitan ƙashin baya Kenneth Hansraj ya ƙiyasta cewa idan aka sunkuyar da kai digiri 60, nauyin da wuya ke ɗauka yakan kai kilo 27. Kamar jarkar ruwa ce mai lita 25 a ƙeya. Ƙwaya ba ta sauke ta, kuma yawan shanta na illata ciki da ƙoda.

Don haka mu ɗaga waya daidai ido, mu jingina baya. Duk rabin awa mu miƙe, mu juya kai a hankali hagu da dama. Da dare mu gasa wuyan da tawul mai ɗumi, mu rage tudun filo.

Amma idan sagewar ta zo da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, musamman lokacin zafi, a garzaya asibiti, don alamar sanƙarau ce. Haka ma idan hannu ya fara mutuwa.

Feji zai jira. Da lafiya ake kai labari ƙarshe. Allah ya ƙara mana lafiya da basira.