Fentin Mota: A Ƙofar Gida Ko a Gareji?

Hutun da na yi a Zurmi shi ya jawo wannan magana. Na tarar da wani kawuna, direba ne mai jigila tsakanin Zurmi da Ƙaura Namoda, ya tsai da tsohuwar Golf ɗinsa a ƙofar gida, ya sayo fentin gwangwani irin na ƙyauren ɗaki, yana shafa mata da burushi a tsakiyar hunturu. Kafin la'asar ƙura ta manne wa ɗanyen fentin, jikin motar ya koma tamkar samfefa.

Hujjarsa ba ta banza ba ce. Masu fenti sun tsawwala kuɗi, kai mota Ƙaura ko Gusau yana nufin kwanaki ba ɗaukar fasinja, ga kuma fargabar 'yan bindiga a hanya. Duk da haka, a ganina kawu ya yi kuskure, domin ya ɗauka fenti ado ne kurum, alhali kuwa riga ce ta ƙarfe, mai kare shi daga ruwa da tsatsa.

Tun zamanin Peugeot 504, wadda aka soma haɗawa a Kaduna a 1975, mutanenmu suka san cewa gyaran jikin mota sana'a ce daban da kanikanci. Wanda ya taɓa zama a gareji ya san fesawar ita ce ƙaramin aiki. Sai an buge lotsawa, an kankare tsatsa har ƙarfe ya fito fes, an cike ramuka, an goge, an sa fentin shimfiɗa, an sake gogewa, sa'an nan a sirka fentin mota da tina a fesa shi siriri-siriri, hawa bisa hawa, a rufaffen wuri da aka yayyafa wa ruwa don ƙura ta kwanta. Wanda ya lafta fenti bisa tsatsa kuwa, ɓoye ta ya yi. Da damina ta sauka za ta ci gaba da cin ƙarfen ta ƙarƙashi, fentin ya kumbura ya ɓamɓare. Daga nan mai fenti zai caji kuɗi biyu, na kankarewa da na fesawa. Araha dai ba ta ado.

Ban da wannan, warin tina yana cutar da ƙirji, ga yara suna kai da kawowa. Wanda ya sauya launi kuma, lalle ne ya gyara takardun mota, in ba haka ba ya sha tambaya a shingen jami'an tsaro.

Ban ce mai mota ya naɗe hannu ba. Ƙaramin ƙwarzane, ya goge ya ɗiga masa fentin mota kafin ruwan farko. Wannan aikin gida ne. Amma jiki gaba ɗaya, ya yi adashi ya kai wa masu shi. Kawu dai ya ce sai bayan kaka, in ya sayar da gero.