Me Ya Cancanci Zama a Zuciyar Linux?

Duk wayar Android da ke hannun ɗan kasuwa a Tsamiya ko Lolo, a ƙaramar hukumar Bagudo, tana aiki ne bisa Linux, manhajar da Linus Torvalds ya fara a 1991. A tsakiyarta akwai ɓangaren da masana ke kira kanel, wato zuciyar da ke iko da na'urar gaba ɗaya. Muhawarar da ba ta ƙarewa tsakanin masu kula da ita ita ce: hanyoyin sadarwar da 'yan tsiraru kaɗai ke amfani da su, su zauna a zuciyar ko a fitar da su?

Masu cewa a fitar suna da hujja. Kuskure a cikin kanel yakan buɗe wa ɓarawo na'urar baki ɗaya, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2017 an gano irin wannan ɓaraka a DCCP, tsarin da ba kowa ke amfani da shi ba. DECnet kuwa an cire shi a 2022, bayan ya daɗe ba mai kula da shi.

Sai dai ƙarancin masu amfani ba shi ne ma'auni ba. A 2011 aka shigar da batman-adv, wanda ya samo asali daga ƙungiyar Freifunk ta Jamus. Da shi, ƙananan na'urori kan miƙa wa juna saƙo daga rufi zuwa rufi, ba tare da dogaro da turken kamfanin waya ba. Mazaunin Legas ba ya bukatarsa. Amma a ƙauyen bakin iyaka, inda sabis ke rauni, waya kuma kan kama layin Jamhuriyar Benin, irin wannan tsari zai iya haɗa makaranta da asibiti bisa layin intanet guda.

A ganina, tambayoyi uku suka isa. Shin aikin ba zai yiwu da kyau a wajen kanel ba? Ana iya barinsa a kashe sai mai bukata ya kunna? Akwai wanda ya ɗauki nauyin gyaransa?

Ta ukun ce ta shafe mu. Muddin jami'o'inmu na Aliero da Birnin Kebbi ba su horar da ɗaliban da za su iya gyara irin waɗannan sassa ba, ranar da aka zo shara, abin da Bagudo ke bukata ba zai sami mai kare shi ba.