Baƙon da Ya Zo da Halinsa: Waiwaye kan Karɓar Babban Kare a Gidan Yara

A sababbin unguwannin bayan gari, inda tsakanin gida da gida sai an tsallake kango da gonar masara, maganar kare ba ta wuyar tasowa. Da an haura katangar wani an kwashe masa awaki ko an cire batirin sola, washegari za ka ji magidanta a ƙofar masallaci suna cigiyar karen gadi. Yawancinsu ba sa son kwikwiyo, domin ɓarawo ba zai jira shi ya girma ba. Babba suke nema, wanda zai yi haushi tun daren da aka kawo shi. Abin da kan faɗi daga lissafinsu shi ne, a gidan da za a kai shi akwai masu rarrafe da masu tatata, kuma da su zai riƙa wuni.

Mu ma mun bi ta wannan hanya shekarun baya, lokacin da muka tare a gefen Zariya. Babbar 'yarmu tana firamare, autanmu kuwa bai daɗe da yaye ba. Wani abokin aikina aka yi wa canji zuwa Legas, kuma gidan hayar da zai shiga ba a yarda da dabba ba. Yana da baƙin kare irin namu na gida, mai suna Duna, ya ce in ina so in ɗauka.

Wadda ta fara tayar da magana ita ce mahaifiyata. Ta ce, "Kare a gidan da ake salla? Ka dai je ka tambayi malamai." Na je na tambaya. Abin da na samo shi ne, hadisan Buhari da Muslim sun halatta riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma malamai da dama sun yi ƙiyasin gadin gida a kan haka in buƙata ta tabbata. Masu sharhin littafin Risala ma suna kawo labarin cewa shi kansa mai littafin, Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta rushe yana tsoron ɓarna. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai ana wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai. Malamin da na tambaya ya ƙara da tunatar da ni mutumin nan da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, ya ce duk wanda ya ɗaure dabba, cinta da shanta sun hau wuyansa. Mahaifiyata ta amince bisa sharaɗin cewa Duna ba zai shiga ɗaki ba, kwanonsa daban, makwancinsa daban.

Kafin in ce na karɓa, na zauna da abokin nan na yi masa tambayoyin da har yau nake ganin su ne ginshiƙin komai. A ina ya samo shi? Da yara ya tashi ko a ɗaure a bayan gida? Ya taɓa cizon wani, ko da wasa? Me yake yi in an taɓa kwanonsa? Ina katin allurarsa? Likitocin dabbobi sun ce makonnin farko na rayuwar kwikwiyo, daga kamar mako 3 zuwa 12, su ne lokacin da yake sabawa da mutane da hayaniya. Wanda ya wuce wannan lokaci bai san ihun yara da guje-gujensu ba, da wuya ya saki jiki da su daga baya. A nan ne babban kare ya fi kwikwiyo ta wata fuska: hali zanen dutse, nasa ya riga ya fito fili, mai ido zai gani. Amma wannan fa sai in akwai wanda ya san tarihinsa kuma zai faɗi gaskiya. Karen da aka saya a bakin titi daga hannun wanda shi ma jiya ya same shi, babu mai ba ka labarinsa. Duna ya tashi a gidan da ke da yara, bai taɓa cizo ba, kuma katinsa na nan.

Duk da haka ban wuce da shi gida kai tsaye ba, asibitin dabbobi muka fara zuwa. Likitan ya ɗaga leɓensa ya duba haƙora, ya buɗe kunnuwa ya ciro kaska guda biyu da suka ƙoshi, ya ba shi maganin tsutsar ciki, sannan ya sabunta masa allurar ciwon hauka ya rubuta kwanan wata a kati. Da ya ji akwai ƙananan yara a gidan, sai ya ajiye biro ya ce, "Malam, karen nan lafiyarsa ƙalau. Yaranka nake so ka koya wa zama da shi. Kuma ko na minti ɗaya kada a bar shi da ƙaramin babu babba a wurin."

Kwanakin farko Duna bai yi haushi ba, bai kuma ci abin kirki ba. Ya samu lungu a bayan tankin ruwa ya kwanta, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa na gaba, idonsa na kan ƙofar gida. In an ajiye masa ƙanzo da romo sai ya shinshina ya kau da kai, sai dare ya raba a ji ƙarar kwano. Wani maƙwabci ya ce an ba ni rago. Ba ragwanta ba ce. Dabbar da aka raba da gidan da ta sani, da muryar da ta saba ji, tana buƙatar lokaci kafin ta yarda cewa nan ma gida ne. Muka hana yara zuwa inda yake, mutum ɗaya ke ba shi abinci a lokaci ɗaya kullum, aka bar shi ya fito don kansa. Da ya fito, babbar yarinyar ya fara zuwa ya shinshina wa ƙafa, tana tsaye cik kamar yadda aka koya mata, hannuwanta a gefe.

Akwai wata rana da ba na mantawa. Duna na cin abinci, auta ya sulale daga gindin murhu ya nufi kwanon yana miƙa hannu. Karen ya daina tauna. Jikinsa ya sandare, kunnuwa suka kwanta, ya juyo ido har farin ya bayyana ba tare da ya ɗaga kai ba, sannan wani gurnani ya fito daga ƙirjinsa can ƙasa-ƙasa. Uwar yaron ba ta yi ihu ba, ta kira sunansa da muryar da take kiransa shan koko, ya juyo, ta ɗauke shi. Ƙanena da ke wurin ya rarumo icce zai kwaɗa wa karen, ta ce, "Kawu, bar shi. Ai faɗa mana ya yi." Gaskiyarta. Gurnani gargaɗi ne. Karen da ake duka duk lokacin da ya yi gargaɗi yakan daina yi, ranar da aka ƙure shi sai dai a ga cizo babu sanarwa. Daga ranar aka mayar da cin abincinsa bayan ƙyaure, a rufe.

Dokokin da muka kafa wa yara ba su da yawa, amma ba a ɗaga ƙafa a kansu. Ba a taɓa shi yana ci, yana barci ko yana gwaguyar ƙashi. Ba a jan wutsiya, ba a hawa bayansa, ba a rungume masa wuya, ba a kai fuska kusa da tasa. In baƙon kare ya tunkaro a hanya, a tsaya, kada a ruga, kada a jefe shi. Mu manya kuma namu aikin shi ne kwashe kashinsa kullum daga inda yara ke wasan ƙasa, da ruwa mai tsabta a inuwa, da sakinsa ya motsa jiki, domin karen da ya shekara a ɗaure da gajeriyar sarƙa cikin rana shi ya fi saurin kai cizo.

Wanda zai ga kamar an cika tsanani, ya dubi alƙaluman ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a duk shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma wajen 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duk wanda ya kamu, daga kare ya samo shi. Yaro gajere ne, cizo kan same shi a fuska ko wuya, inda ƙwayar cutar ke saurin isa ƙwaƙwalwa. Yakan kuma ɓoye ƙaramin yagu don tsoron faɗa. Alamun cutar kan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin su fito, kuma da sun fito sai dai addu'a. Abin takaicin shi ne maganin hana ta ya daɗe a duniya: tun 1885 Louis Pasteur ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 da allurar rigakafi a Faransa, kuma ranar rasuwarsa, 28 ga Satumba, ita aka ware don yaƙi da cutar. A nan gida, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana haɗa allurar karnuka. Masana sun ce in aka yi wa 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar kan daina yaɗuwa a cikinsu. Don haka muka koya wa yaranmu cewa duk wanda kare ya ciza ko ya yaga, namu ko na wani, ya zo ya faɗa, babu mai dukansa. Abin yi kuwa sananne ne: a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar, a killace karen a sa masa ido kwana 10. Ƙona gashin kare a shafa a ciwo, kamar yadda wasu ke yi, ɓata lokaci ne da kan jawo asarar rai.

Duna ya zauna da mu har furfura ta fito masa a baki. Bai taɓa cizon kowa ba, kuma ba a haura mana katanga ba. Ba zan ce kowane babban kare haka zai kasance ba. Akwai wanda ya sha duka a baya har ya daina yarda da mutum, akwai manyan karnukan waje irin Rottweiler da Boerboel da ƙarfinsu ya fi ƙarfin gidan da bai san sarrafa su ba. Irin waɗannan, komai arha, komai kyauta, ba na gidan masu rarrafe ba ne.

Abin da shekarun nan suka koya mini shi ne, karɓar babban kare ɗaukar amana biyu ce a lokaci guda, ta dabbar da ba ta iya magana da ta yaron da bai san haɗari ba, kuma dukkansu a wuyan manya suke. Wanda zai yi, ya binciki tarihin karen, ya ga katin allura da idonsa, ya ba shi lokaci ya saba, ya tarbiyyantar da 'ya'yansa kafin ya nemi biyayyar kare. Wanda ya san ba shi da lokacin wannan, ya ƙara tsawon katanga ko ya haɗa kuɗi da maƙwabta su ɗauki maigadi. Awakin da aka sace ana iya mayar da su a kasuwa mai zuwa, amma babu kasuwar da za ta mayar wa yaro lafiyarsa.