A San Miƙdarin Ruwan da Gonakin Rani Ke Sha

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka kuma bi ta da ta Challawa a 1992, ruwan da a da yake gangarowa daga ƙasar Kano bisa lokacin da Allah Ya ƙaddara masa, ya ratsa Wudil da Haɗejiya, ya malale fadamun Nguru, sa'an nan ya nufi Gashuwa da Gaidam har ya zuba a Tafkin Cadi, ya koma hannun 'yan Adam, in sun buɗe ƙofa ya tafi, in sun rufe ya tsaya. Wanda kuwa aka danƙa wa mabuɗin abin da rayuwar dubun dubatar talakawa ta rataya a kansa, lalle wajibi ne ya san hisabinsa.

Abin da muke jawo hankalin hukuma a kai shi ne, ruwan da aka sako a kanal daban, wanda gona ta shanye daban. Idan manomi a Kadawa ko Kura ya cika fangalinsa, wani kaso yakan nitse ya koma ƙarƙashin ƙasa, ko ya tsiyaye ya sake komawa kogi, wannan bai ɓata ba, na ƙasa zai iya samunsa. Amma wanda rana ta ɗauke daga fuskar ƙasa, da wanda saiwa ta zuƙa ganye ya fitar da shi tururi, wannan ya tafi ke nan, babu mai sake ganinsa a kwarin nan. Ma'abota ilmi suna auna shi da milimita, milimita ɗaya kuwa a kan hekta ɗaya lita dubu goma ce; saboda haka a tsakiyar bazara, sa'ad da iska ta bushe rana ta take, har gona ta sha milimita bakwai a yini, hekta guda ta tura lita dubu saba'in sama ke nan tsakanin hantsi da faɗuwar rana. Alkamar da aka shuka cikin sanyin hunturu ba ta kai shinkafar bazara ƙishirwa ba, haka nan jigawa ba ta riƙe ruwa kamar laka, mai bai wa dukansu mudu ɗaya kuwa ya yi israfi a wani wuri, ya yi ƙwauro a wani.

Hanyar sanin ruwan da gona ta shanye ba ɓoyayya ba ce. Tun 1948 Bature Penman ya fitar da ƙa'idar lissafa shi daga zafin rana da ƙarfin iska da laimarta, Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta daidaita ta a 1998, yau kuma tauraron ɗan'adam yana iya rarrabe gonar da ta ƙoshi da wadda ke jin ƙishi, domin ganyen da ke fitar da ruwa ya fi sanyi. Sai dai hoton sama ba ya wadatarwa sai an gaskata shi da awon ƙasa, da ma'aikatan da za su riƙa karanta ma'auni kullum ba fashi.

Kada wani ya zaci baƙon al'amari muke kira gare shi, gama fuƙaha'unmu sun daɗe da yin bahasi a kan haƙƙin ruwa, kuma ya zo a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Maliku cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta game da wasu magudanai biyu na Madina, na sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, sa'an nan ya sake wa na ƙasa. Ashe Shari'a ba ta bar rabon ga son ran wanda ruwa ya fara isa gare shi ba, ta yanka masa iyakar da ido ke gani. Na ƙasa a yau su ne masuntan Nguru, da makiyayan da ke sauka fadama da rani, da manoman tattasai na Diffa a ƙasar Nijar, waɗanda ba su da wakili a bakin ƙofar Tiga. Ga kuma ciyawar kacala, wadda ta toshe hanyoyin ruwa tun da aka daina barin kogi ya ƙafe da rani, tana shan nata rabo ba tare da kowa ya rubuta shi ba.

Don haka muke roƙon Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, kowace shekara kafin manoma su zuba irin rani, ta bayyana wa jama'a ta rediyo, da Hausa da Barbarci da Fillanci, adadin abin da ke cikin madatsun, da wanda gonakin Kano da na Auyo suka sha bara, da wanda ya wuce Gashuwa. Kuma kada a sake tayar da zancen madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are sai an ajiye wannan lissafi a gaban mutanen Yobe da Borno sun duba.