Filin Ilimi: Zaren da ke Ɗinke Magana

A wannan wata za mu leƙa Koriya ta Kudu, mu ga yadda yaran can ke fama da karatun Turanci.

Kowace shekara, ran wata Alhamis cikin Nuwamba, masu gama sakandare a Koriya suna zaman jarrabawar shiga jami'a da suke kira Suneung, wadda aka fara a 1993. Takardar Turanci tambaya 45 ce cikin minti 70. Guda 17 na saurare ne, kuma yayin da ake yin su har jiragen sama ake hana tashi da sauka don kada ƙara ta dami yara. Sauran 28 na karatu ne. Tun 1997 yaro yana fara Turanci daga aji uku na firamare, da yawa kuma suna ƙarawa da makarantun yamma na kuɗi da ake kira hagwon. Duk da haka, a jarrabawar 2025 wajen uku kacal cikin ɗari suka kai maki 90 na mataki na ɗaya. Aka yi ta kukan tambayoyin sun yi tsauri, har shugaban hukumar shirya jarrabawar ya yi murabus.

To, ina gizo ke saƙar? Cikin tambayoyin da suka fi kayar da yara akwai masu gwada yadda magana ke bin juna. Wani lokaci a yanka sakin layi gida uku, a hargitsa, a ce ka jera. Wani lokaci a cire jimla guda a ce ka mayar da ita gurbinta, ko a cusa baƙuwar jimla a ce ka zaƙulo ta. A nan haddar kalmomi dubu ba ta fid da yaro. Yana iya sanin ma'anar kowace kalma, amma zaren da ya ɗinke su ya kuɓuce masa.

Dalili kuwa, ginin harshen Koriya daban yake da na Turanci. Aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa. Sau da yawa ba a ambaton wanda ya yi aikin idan an riga an san shi. Kuma harshen ba shi da takwarorin "a" da "the". Waɗannan 'yan ƙananan kalmomi kuwa su ne alamomin hanya a Turanci.

Bari mu gwada da Hausa. Ga jimla uku a hargitse: "Saboda haka ya sayar da shi da araha." "Wani falke ya sayi rago." "Amma ragon ya ƙi cin abinci." Kowa ya san wadda za ta fara. "Wani" ya nuna yanzu aka kawo falken cikin zance. "Ragon" ya nuna an riga an ambaci rago. "Shi" yana neman wanda zai koma wa, "saboda haka" kuma tana neman dalili a bayanta. Haka Turanci yake: "a" na sabon abu, "the" na wanda aka sani, "however" na juya akala, "therefore" na sakamako. Yaron Koriya sai ya koyi bambancin "a" da "the" daga tushe, alhali Bahaushe da kwatankwacinsa ya tashi a baki.

Maganin ba mai tsada ba ne. Na farko, duk inda ɗalibi ya ga "he", "it" ko "this", ya ja layi da fensir zuwa abin da suke nufi. Na biyu, ya zagaye kalmomin haɗi kafin ya amsa komai. Na uku, in ya gama sakin layi, ya rufe littafin ya faɗi abin da aka ce cikin jimla guda, da harshensa na gida. Wanda ya kasa wannan bai karanta ba tukuna, furtawa kawai ya yi. Sai dai dabara kaɗai ba ta isa. Wanda ba ya karanta dogon labari da kansa, ranar jarrabawa dabarar za ta bar shi a hanya.

Abin lura gare mu shi ne, yaron Koriya da harshensa yake koyon lissafi da kimiyya, Turanci darasi guda ne. Namu yaran kuwa, a Gana da Turanci suke koyon galibin darussa, a Cadi da yawancin Kamaru da Faransanci ko Larabci. In zaren ya kuɓuce musu, asarar ba ta darasi guda ba ce.

Don haka iyaye da malamai, a samo tsohuwar jarida da almakashi. A yanka sakin layi jimla-jimla, a zube wa yaro a kan tabarma, ya jera. In ya gama, a tambaye shi: "Me ya sa wannan ta riga waccan?" Amsar da zai bayar ita ce karatun.

Sai wata mai zuwa. A huta lafiya.