Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Kiyaye Haɗurra Ta Ƙasa: Motar Da Aka Tsayar Kada Ta Tashi Sai An Gyara Ta

Ranka ya daɗe, Malam Shehu Mohammed,

Ina tafe ne da magana kan manyan motocin haya, wato tireloli da tankokin mai da bas-bas na kamfanoni, da abin da ya kamata ya biyo baya idan jami'anka suka tsayar da ɗayansu a hanya saboda rashin lafiyarta.

Ba doka muka rasa ba. Tun 1988 aka kafa hukumar nan, dokar 2007 kuma ta ƙara mata ƙarfi. Akwai tsarin RTSSS da ya wajabta wa duk mai motocin haya biyar ko fiye ya yi rajista, ya kuma ajiye jami'in da zai riƙa kula da lafiyar motocinsa da direbobinsa. A 2017 aka fara tilasta saka na'urar ƙayyade gudu.

Inda gizo ke saƙar shi ne wanda hukuncin ke faɗawa kansa. A dubi tirelar da ta taso daga Legas za ta Kano. Tayoyinta sun cinye har waya ta leƙo, birki yana zubar da iska, fitilar baya ta mutu, yaron mota kuwa yana rungume da weji, yana jiran hawa domin ya dira ya kafa. Direban ya fi kowa sanin halin da take ciki, tunda ransa ne a gaba. Sau da yawa ya riga ya faɗa wa mai motar, an ce masa ya lallaɓa ya yi wannan sahun tukuna, in kuwa ba zai iya ba ya ajiye makulli, akwai masu jira. To idan aka tsayar da shi aka ci shi tara, ya biya daga kuɗin hanya ya wuce, me aka gyara? Tayar tana nan yadda take, mai motar ma ƙila bai ji labari ba.

Roƙona shi ne haramcin ya hau kan motar da mai ita. Duk motar da aka samu da lahani mai iya kisa, a hana ta motsi, a shigar da lambarta cikin kwamfuta yadda jami'in da ke Lakwaja da na Zariya za su ga abu ɗaya. Kada a sake ta sai bakanike ya gyara, jami'i ya duba da idonsa ya sa hannu. Ƙaramin lahani kuwa a ba shi wa'adi. Haka ake yi a Birtaniya, kuma laifin yana shiga kundin kamfanin, idan ya yi yawa har lasisinsa yana iya salwanta. Ranar da mai motoci ya gane cewa ruɓaɓɓiyar taya za ta sa lodinsa ya kwana a hanya, da kansa zai sayo sabuwa.

Sai dai tsayarwar ma tana buƙatar wuri. Wanda ya san Tafa da Mararrabar Jos ya san yadda tireloli ke cinye kafaɗar titi. Idan aka ajiye mota a bakin kwalta cikin dare, ba fitila sai ɗan ganyen da aka zuba a bayanta, an haƙa wa masu tahowa rami ne. A haɗa kai da gwamnatocin jihohi da ƙungiyar masu motocin sufuri ta NARTO da ta ma'aikatan mai ta NUPENG a samar da filayen ajiya, da makanikai a kusa.

Ba mu manta da Majiya a Jigawa ba, inda tankar mai ta kife ta kama da wuta a Oktoban 2024, mutum fiye da 150 suka rasu, ga kuma na mahaɗar Dikko a jihar Neja a Janairun 2025. Bayan haka aka hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 lodi daga 1 ga Maris 2025. Mataki ne mai kyau, amma tanka ƙarama marar birki ita ma tana kifewa.

Ranka ya daɗe, ka ba da umarni a riƙa fitar da sunayen kamfanonin da aka fi tsare motocinsu, domin fasinja da mai kaya su san motar da za su shiga. Allah Ya taya ka riƙo, Ya tsare matafiya.

Wassalam.